Tarin Fuka a Zangunanmu: Mutanen da Ƙidaya Ba Ta Kai Gare Su Ba



Wannan shafi ya saba da zancen fataucin goro da tarihin malamai da al'adun biki da suna. Yau mun zo da maganar da ba a cika son a yi ta a zaure ba, wato tarin fuka, wanda da yawanmu ke kira tibi. Dalilin kawo ta shi ne, ciwon ya zama abin da al'ada ke da hannu a cikinsa: yadda muke ɓoye shi, da yadda muke tafiye-tafiye da shi, da yadda muke ajiye maganinsa da zarar jiki ya yi sauƙi. Ra'ayinmu shi ne, gwamnati da asibiti ba za su iya gamawa da wannan ciwo a unguwanninmu ba sai zango da kansa ya ɗauki aikin, kamar yadda yake ɗaukar aikin jana'iza da sulhu da aurar da marayu.

Bari mu fara da abin da ƙidaya ta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya, kimanin miliyan 1.25 kuma suka rasu. Wannan fa ciwo ne da aka gano ƙwayarsa tun ranar 24 ga Maris, 1882, lokacin da likitan Jamus Robert Koch ya bayyana ta a Balin, kuma an fi shekara 70 ana da maganinsa. A nan Gana, an kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka a 1994, kuma tun daga farkon wannan ƙarni alƙaluma suna nuna cewa yawan masu kamuwa, idan aka auna da yawan jama'a, yana sauka sannu a hankali. Wannan labari ne mai daɗi, amma akwai wani a bayansa.

A 2013 aka gudanar da babban bincike na ƙasa baki ɗaya, aka bi gari da ƙauye aka duba mutum fiye da 60,000, aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina. Abin da ya fito ya girgiza ma'aikatan lafiya: masu ɗauke da ciwon sun kai kimanin 290 a cikin kowane mutum 100,000, kusan ninki huɗu na abin da ake zato a da. Binciken ya nuna ciwon ya fi yawa ga maza da tsofaffi, kuma da dama daga waɗanda aka samu da shi ba su taɓa kai kukansu asibiti ba. Tun daga nan ƙiyasin ya tsaya a wajen mutum 44,000 da ke kamuwa kowace shekara, alhali waɗanda ake ganowa a sa su a magani sun daɗe suna yawo a wajen 15,000. Adadin ya faɗi a shekarar korona, daga baya ya farfaɗo ya haura, amma har yanzu bai kai rabin ƙiyasin ba. Ma'ana, a duk shekara akwai mutum fiye da 20,000 a ƙasar nan da ke tari, suna ramewa, suna kwana ɗaki ɗaya da iyalinsu, ba kuwa sunansu a littafin kowane asibiti.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ke zama kusa da sarkin zango ko liman, yana rubuta takardun gado da sanarwar rasuwa, ya san sau nawa ake cewa wane ya rasu bayan doguwar jinya, ya yi ta tari, ya bushe kamar kara. Idan aka tambayi me ya same shi, sai a ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, ko a ce sammu ne, ko a ce ai ciwon gidansu ne, haka mahaifinsa ya tafi. Ba mu da ikon cewa duk waɗannan tarin fuka ne, domin ba a gwada su ba. To, rashin gwajin shi ne ainihin abin da muke kuka da shi. Kuma maganar ciwon gida tana da bayani mai sauƙi: ba a gadon tarin fuka ta jini, ana shaƙarsa ne a iskar ɗakin da aka yi jinyar uba, ƙwayar ta kwanta a jikin ɗa shekara da shekaru, ta tashi ranar da yunwa ko tsufa ko ciwon sukari ko ƙanjamau suka raunana shi.

Ya kamata kowa ya san yadda ciwon ke tafiya, domin jahilcinsa ne ke sa a wulaƙanta mara lafiya ta hanyar da ba ta kare kowa. Ƙwayar tana fita ne a tari da atishawa da magana, ta yi ta shawagi a iskar ɗaki rufaffe na tsawon sa'o'i. Ba ta bin kwano ko cokali ko musafaha. Saboda haka ware wa mutum kwanonsa da kofinsa, alhali ana kwana da shi a ɗaki mai taga ɗaya da aka toshe da tsumma saboda hunturu, wahala ce kawai aka ƙara masa. Mutum guda da ba a yi wa magani ba yana iya sa wa mutum 5 zuwa 15 ƙwayar a shekara. Wanda kuwa ya fara shan maganin da ya dace, bayan 'yan makonni haɗarinsa ga jama'a yana raguwa ƙwarai. Wato wanda muke gudu saboda an gan shi yana karɓar magani a asibiti ya fi zama lafiya a kusa da shi a kan wanda ke tari a sahu ɗaya da mu wata uku bai je ko'ina ba.

Yanzu sai babbar magana, wato tarin da ba ya jin magani. Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne cur: wata biyu na farko ana haɗa magunguna huɗu, isoniyazid da rifamfisin da firazinamid da itambutol, sannan wata huɗu ana ci gaba da biyun farko. An haɗa su huɗu ne saboda a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke huhun mara lafiya, akan sami 'yan kaɗan da magani ɗaya ba ya kashewa, sai ɗan'uwansa ya kashe su. Idan mutum ya sha na wata ɗaya ko biyu, tari ya lafa, abinci ya fara shiga, ya ce ya warke ya ajiye, ko kuwa yana sha yau yana tsallake gobe, to raunanan ƙwayoyin ne suka mutu, masu taurin kai suka sami fili. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ranar da ciwon ya dawo, yana iya dawowa da ƙwayar da ba ta jin isoniyazid da rifamfisin, waɗanda su ne ginshiƙan maganin. Abin da ya fi muni, wanda ya shaƙi wannan ƙwaya daga gare shi, ko da jariri ne, da irinta zai fara, ba tare da ya taɓa yin sakaci da magani ba.

Binciken ƙasa na farko a kan wannan matsala, wanda aka yi a wajen 2016 zuwa 2017, ya nuna cewa a cikin sababbin masu ciwon a Gana, waɗanda ƙwayarsu ba ta jin waɗannan magunguna biyu ba su kai biyu cikin ɗari ba, amma a cikin waɗanda suka taɓa shan magani a baya adadin ya ninka sau da yawa. Wannan yana nufin har yanzu ƙasarmu ba ta faɗa ramin da wasu ƙasashe irin su Rasha da maƙwabtanta suka faɗa ba, kuma ƙofar da matsalar ke shigowa sananniya ce: maganin da aka fara ba a ƙarasa ba. Akwai kuma wata ƙofa a shagunan magani na bakin kasuwa. Wasu ƙwayoyin kashe cuta da ake saya ba takardar likita, irin su sifuro da danginsa, suna kwantar da tarin na ɗan lokaci, su ɓatar da sawun ciwon, kuma danginsu ɗaya da magungunan da likita zai buƙata idan ciwon ya ƙi jin na farko.

A da, wanda ya kamu da tarin da ba ya jin magani sai ya yi wata 18 zuwa 24 yana jinya, da allurai na watanni waɗanda sukan kurmantar da mutum. Alhamdu lillahi, abin ya sauya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna na sha zalla, na wata shida, ga mafi yawan masu irin wannan ciwo. Haka kuma na'urar GeneXpert, wadda hukumar ta amince da ita a 2010 kuma yanzu tana manyan asibitocinmu da dama, tana duba majina ta ba da amsa cikin kimanin sa'a biyu, ta faɗi ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗi ko tana jin rifamfisin. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati da na mishan da ke cikin shirin. Makami yana nan, saura mai kai kansa.

Me ya sa muka ce zango yana da nasa haɗari na musamman? Domin mu mutanen hanya ne tun asali. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka bi ta Yendi zuwa Salaga neman goron Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu zuwa Kete Karaci da Yeji da Kintampo da Kumasi. Har gobe haka muke. Ɗan kasuwar Bawku yau yana Sinkase a bakin iyakar Togo da Burkina Faso, jibi yana bisa lodin albasa zuwa Ankara. Mai shanu ya bar Yendi ya yi mako uku a kudu. Matar Salaga ta ƙetare ruwa daga Makango zuwa Yeji da kayan doya da kifi. Samarinmu suna ramukan zinariya, inda ƙurar dutse ke cinye huhu ta shirya shi ga tarin fuka, 'yan matan arewa kuma suna dako a kasuwannin Kumasi da Ankara, suna kwana su goma ko fiye a ɗaki guda. Maganin wata shida yana son mutum mai zama wuri ɗaya, rayuwarmu kuwa ba ta san zama ba. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa ma'aikacin lafiya yana iya rubuta wa mara lafiya takardar sauya wuri, ya ci gaba da karɓar maganinsa a garin da ya koma. Wannan ilimi ya kamata ya kasance a bakin kowane shugaban tasha da kowane sarkin fawa da kowane maigidan da ke saukar da baƙi.

Masu harkar dabbobi kuma su sani akwai irin wannan ciwo a jikin shanu, yana kuma shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. Tafasa madara kafin a yi nono ko fura da ita ƙaramin aiki ne da ke toshe wannan hanya.

Bawku tana da nata ƙarin nauyi. Ba mu zo nan don shiga rikicin sarauta ba, Allah Ya kawo ƙarshensa. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, dokar hana fita da tsoron hanya da ƙaurar ma'aikatan lafiya duk suna yanke wa mara lafiya magani a tsakiyar tafiya, kuma mun riga mun ga abin da yankewar ke haifarwa. Ƙwayar cuta ba ta tambayar ƙabila ko unguwa. Duk masu zaman sulhu ya kamata su sa wannan cikin lissafi: a bar hanyar asibiti a buɗe ga kowa, a kuma ba masu jinya maganin da zai ishe su idan gari ya rikice.

Wani zai ce, malam, kuna ɗora wa talaka laifi, alhali talauci ne ke hana shi zuwa, ba kunya ba. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ƙidaya ta goyi bayanta. Binciken da aka yi a Gana a 2016 ya gano cewa kimanin gidaje 64 cikin 100 da ke da mai tarin fuka sun yi asarar da ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara, duk da cewa maganin kyauta ne. Kuɗin mota, da abinci mai gina jiki, da ranakun da ba a fita kasuwa ba, su ne ke karya gida. Maganin kansa yana buɗe ciki, mutum ya ji yunwar da ba shi da abin kashe ta, sai ya gwammace ya bar shan. Amma amsar wannan tana hannunmu fiye da yadda muke zato. Al'ummar da ke iya tara kuɗin likkafani da abincin sadakar uku da bakwai da arba'in cikin yini guda, tana iya ɗaukar kuɗin mota da kwanon wake da ƙwai na mutum ɗaya har wata shida. Mara lafiyan da ciwo ya hana shi nema yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Adashin mata da ƙungiyoyin matasa da asusun masallaci duk suna iya ware wani abu saboda wannan.

Ga malamanmu, Allah Ya ƙara musu daraja, muna da roƙo uku. Na farko, su faɗa a kan mumbari cewa tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare da rama da zazzaɓin yamma da tofar da jini, abin kaiwa asibiti ne, kuma ba abin kunya ba ne. Mun karanta a tarihi yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. A nan gida ma, Alhaji Umaru na Salaga da Kete Karaci, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙa a kan annobar murar 1918, ya bayyana yadda ta kama mutane, bai ɗauki zancen ciwo a matsayin abin da ya fi ƙarfin alƙalamin malami ba. Na biyu, su yi wa jama'a bayanin hukuncin azumi. Mun san mutane da yawa suna ajiye magani idan Ramadan ya kama, alhali shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, kuma sau da yawa likita yana iya daidaita lokacin sha ya dace da sahur. A tambayi likita, a tambayi malam, kada a yanke hukunci a ɗaki. Na uku, masu ba da rubutu da addu'a da masu maganin gargajiya, waɗanda su ne farkon wanda mai tari ke zuwa wurinsu, su riƙa cewa: je ka a gwada majinarka, ka dawo mu ci gaba da addu'a. Addu'a ba ta taɓa yin faɗa da ƙwayar magani ba.

Ga iyaye mata da magajiyoyi, ku ne kuka san wace amarya ce ke tari a ɓoye don tsoron kada a mayar da ita gidansu, da wace budurwa ce aka fasa aurenta saboda an ji ta taɓa shan maganin tibi. Wanda ya gama maganinsa aka tabbatar ya warke, ya warke, yana aure yana haihuwa kamar kowa. Idan fitsari ko hawaye suka yi ja-ja lokacin shan magani, aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne. Idan kuwa ido ya yi rawaya, ko amai ya yi yawa, ko gani ya fara dushewa, a koma asibiti a ranar. Idan aka sami mai ciwon a gida, a kai duk mutanen gidan a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin akwai maganin rigakafi da ake ba su. Allurar BCG da ake yi wa jariri bayan haihuwa tana kare shi daga munanan nau'o'in ciwon na ƙuruciya, kada a bari ta wuce shi ko da a gida aka haihu.

Ga sarakunan zango da 'yan majalisarsu, shawararmu ita ce a naɗa wa kowace unguwa mutum biyu amintattu, namiji da mace, masu riƙe sirri, su san ma'aikacin da ke kula da tarin fuka a asibitin Salaga ko na Yendi ko asibitin Firesbiteriyan na Bawku, su zama masu rakiya da tunatarwa ga duk wanda ya yarda a taimaka masa. A duba tagogin masallatai da makarantun allo da ɗakunan kwanan almajirai, a buɗe su ko da hunturu ne, a ƙara bargo maimakon toshe iska. A gayyaci ma'aikatan lafiya su zo gwaji ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, manya kuma su fara miƙa kansu a gaban jama'a.

Gwamnati ma tana da nata kaso, kuma ba za mu yi shiru a kansa ba. Ƙasa ta ga yadda kwantenonin magunguna da Asusun Duniya ya bayar, har da na tarin fuka, suka yi watanni a tashar jiragen ruwa ta Tema tsakanin 2023 da 2024 saboda rikicin kuɗin fito. Ta kuma ga yadda tallafin Amurka ga harkar lafiya ya tsuke a 2025. Ba daidai ba ne a ce wa talaka kada ya tsallake kwana ɗaya, sannan ya zo asibiti a ce masa magani ko kayan gwaji sun yanke. Dole ƙasa ta sa kuɗinta a wannan aiki. Muna kuma neman a riƙa yin faɗakarwa da Hausa a gidajen rediyon arewa tare da Dagbanci da Gwanjanci da Kusasanci, domin Hausa ce harshen tasha da kasuwa da kan iyaka. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya kamata ya ɗauki lafiyar huhun mutanen zango a matsayin raya zango, daidai da kwalbati da filin ƙwallo. Hukumomin lafiya na Gana da Togo da Burkina Faso kuma su samar da hanyar bin sawun mara lafiyan da ya ƙetare iyaka.

Ƙasashen duniya sun yi alkawarin rage masu kamuwa da tarin fuka da kashi 80 cikin 100, da mace-macensa da kashi 90, kafin 2030 idan aka kwatanta da 2015. Da irin tafiyar da ake yi yanzu, Gana ba za ta kai can a kan lokaci ba sai an nemo mutanen nan fiye da 20,000 da ke ɓacewa kowace shekara, kuma wasunsu a lungunanmu suke, mun san gidajensu, muna gaisawa da su kowace asuba. Wanda ya karanta wannan ya tuna da wani mai tari da ya daɗe, ya je ya same shi a keɓe, cikin mutunci, ya ce masa: zo in raka ka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.